WA KE DA IKON CEWA "A YI WA YARON NAN ALLURA"? WAIWAYE DAGA TAKALAFIYA ZUWA YAU



Duk sanda aka shiga zagayen rigakafi a ƙasashenmu na Ikara, Makarfi da Kudan, akwai wata rigima da ba ta kaiwa gidan rediyo, amma tana kaiwa zauren mai unguwa. Goggo ko kaka ta goya yaro ta kai shi asibiti an yi masa allura. Uba ya dawo daga gonar rake, ko ya bugo waya daga Legas, sai ya ji labari, ko ya ga tawada a ɗan yatsan yaro. Shi ke nan, gida ya ɗauki zafi. "Da izinin wa?" Wani lokaci abin ya tsaya a faɗa, wani lokaci ya kai ga yaji, wani lokaci har igiyar aure ta girgiza. Ita kuwa malamar asibiti tana tsakiya: in ta yi a ce ta yi shisshigi, in ta ƙi a ce ta kori yaro.

Masu boko sukan ce jahilcin uban ne. Masu kare uban sukan ce raini ne na mata. Ni dai ina ganin wannan "da izinin wa" tana da tarihi, kuma wanda bai san tarihin ba ba zai iya raba gardamar ba. Waiwaye adon tafiya. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

ZAMANIN DA IZININ SARKI YA WADATAR

Mu fara da gida. Anchau, wadda yanzu take hedikwatar Kubau, a da ƙarƙashin Ikara take. A shekarun 1930 ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya yi katutu a wannan yanki. Daga wajen 1937, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, Turawa suka kafa wani babban shiri a nan, wani masanin ƙwari mai suna Nash na cikin jagororinsa. Aka sare kurmin bakin rafuka inda tsando ke ɓuya, aka haƙa rijiyoyi masu siminti, aka tashi dubban mutane daga mazauninsu zuwa sababbin wurare, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Masu duba ciwon kuwa jera mutanen gari suke yi, babba da yaro, suna lalubar kaluluwar wuya. Wanda aka samu da shi dole ya karɓi allurai.

Aikin ya yi amfani, wannan ba a musu. Ciwon ya ja baya. Amma wa aka tambaya? Bature ya gaya wa Sarki, Sarki ya gaya wa Hakimi, Hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya sa aka yi shela. Magidanci ba ya cikin lissafin, balle uwar yaro. Haka ma lambar agana. Ma'aikatan En'e ne ke zuwa da dogari a bayansu. Shi ya sa tsofaffinmu ke ba da labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu ko a tura su daji in an ji 'yan lamba sun iso. Duk da haka lambar nan ce ta kori agana. Bayan gagarumin kamfen da aka fara a 1967, zuwa 1970 cutar ta ƙare a Nijeriya. Duba damtsen duk wanda ya haura sittin, za ka ga shaidar.

Abu biyu muka gada daga wannan zamani a tare: magani mai aiki, da kuma jin cewa lafiyar hukuma abu ne da ake yi maka, ba abin da ake yi da kai ba.

KANO, 1996

A 1996 sanƙarau ya ɓarke a Arewa, ya kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya turo likitoci Asibitin Zana na Kano don gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka ɗauka. Kimanin rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani sanannen magani don kwatantawa. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki.

A lura da kyau, domin mutane na cakuɗa maganar: Trovan ba rigakafi ba ne, magani ne na wanda ya riga ya kamu. Kuma kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya kashe yaran ba maganinsa ba, ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Iyaye da dama kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba kuma wanda ya gaya musu a cikin asibitin nan ƙungiyar likitoci ta MSF na ba da maganin da aka saba kyauta. Takardar amincewa mai sa hannun iyaye, ba a gabatar da ita ba.

Zuciyar shari'ar ke nan: izini. Jaridar Washington Post ta tono maganar a Disambar 2000. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dakta Abdussalami Nasidi a 2001, rahoton ya yi kwance shekaru sai a 2006 ya fito fili. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007. A Janairun 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce iyalan na da damar neman haƙƙinsu, domin gwajin magani a jikin mutum ba da yardarsa ba ya saɓa wa dokar duniya. A shekarar aka sasanta da Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan an yi musu gwajin ƙwayoyin halitta don tabbatar da cewa su ne dangin yaran.

Ku dubi wannan abu. Shekara 15 bayan aukuwar lamarin ana neman sanin wane ne na wane. Tambayar da ya kamata a yi a ƙofar asibiti, "ke mece ce ɗinsa, kuma kin fahimci abin da za a yi masa?", ita aka koma yi a ɗakin gwaji.

2003: DA GWAMNONI SUKA ƘI A MADADIN IYAYE

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Daidai lokacin da labarin Trovan ke yawo, shi ne lokacin da ɗigon shan inna ya koma gida gida. Mata da 'yan mata da akwatin ƙanƙara suna shiga, su ɗiga, su shafa tawada a yatsa, su yi rubutu da alli a bango su wuce. Sau da yawa maigida ba ya nan. Wanda aka tarar shi ke ba da izini: kishiya, kaka, yayar yaro 'yar shekara goma sha biyu. Wani lokaci ma a kan titi ake tare yara suna wasa. Kuma mutane na tambayar da ba a ba ta amsa mai gamsarwa ba: me ya sa ƙyanda ke kashe mana yara, maganin zazzaɓi sai da kuɗi, amma wannan ɗigon ake bin mu da shi har ɗaka kyauta? Wata Ba'amurkiya mai bincike, Elisha Renne, ta zauna a Zariya ta saurari iyaye a kan wannan, ta fitar da littafi a 2010.

A 2003 Majalisar Ƙoli ta Shari'a ƙarƙashin Dakta Ibrahim Datti Ahmed ta ce tana zargin an gurɓata maganin da abin hana haihuwa. Jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Lokacin namu ne a gidan gwamnati, Ahmed Mohammed Makarfi. Kaduna ta dawo da wuri, Kano ce ta daɗe. Sai a ƙarshen Yulin 2004 Malam Ibrahim Shekarau ya amince a ci gaba, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma samo magani daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Daga baya ya miƙa 'yarsa aka ɗiga mata a gaban jama'a.

Me ya biyo baya? A 2003 yara 355 aka tabbatar shan inna ta kama a Nijeriya. A 2006 sun kai 1,122. Cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonesiya. Waɗannan yaran yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu muna ganinsu a kan keken guragu a tashoshinmu.

To a nan ma wa aka tambaya? A zamanin Takalafiya Sarki ya ce "a yi" a madadin kowa. A 2003 gwamna ya ce "kar a yi" a madadin kowa. Uban da yake so a ɗiga wa ɗansa a Kano a farkon 2004 bai samu ba, kamar yadda uban da ba ya so a 1940 bai tsira ba. Duka biyun an yanke hukunci a saman kan magidanci.

Abin da ya juya lamarin ba bulala ba ce. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko. Aka koma bin hakimai, dagatai, limamai, ungozomomi, da matan unguwa da kowa ya san gidansu. In gida ya ƙi, mai unguwa ya je ya zauna da maigida. A 2010 adadin ya sauko zuwa 21. Ba wai an daina barazana ba, don a 2011 Kano ta ce za ta gurfanar da iyayen da suka ƙi. Ba kuma an daina zubar da jini ba, don ranar 8 ga Fabrairun 2013 an harbe masu rigakafi tara a Kano, Allah Ya jiƙansu. Amma zaman zaure ne ya ci nasara. An ga shan inna ta daji ta ƙarshe a Borno a 2016, ranar 25 ga Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

MU SHIGO CIKIN GIDA

Duk wannan tarihin shi ne a bayan uban da ke cewa "da izinin wa". Amma akwai wani abin da shi ma uban ya kamata ya duba, wato yadda tsarin gidan Bahaushe yake tun asali.

Fom ɗin asibiti ya san mutum biyu ne kawai, uwa da uba. Mu kuwa ɗa na kowa ne, kuma ba a baki kawai ba. Yarinya mai haihuwar fari gidansu take tafiya wanka, ta yi arba'in a hannun uwarta. Ɗan fari ana jin kunyarsa, sau da yawa kaka ke riƙonsa bayan yaye. Goggon da ba ta samu haihuwa ba a ba ta riƙo. Marayu na hannun baffa. Yaron da aka kai karatun allo Zariya ko Kano na hannun malaminsa. Matan da ke cikin kulle kuma ba su ne ke fita ba, aike ake yi.

Yanzu ku ɗora jadawalin rigakafi a kan wannan. Da haihuwa akwai allurar tarin fuka, da ta ciwon hanta, da ɗigon shan inna. Sai sati 6, sati 10, sati 14, inda ake ba da allurar nan mai kariya biyar a haɗe, cikinsu har da mashaƙo. Sai wata 9, ƙyanda da shawara. Sati 6 kwana 42 ke nan, wato daidai fitar arba'in. Ma'ana allurai mafi muhimmanci na farkon rayuwa suna faɗowa ne lokacin da mai jego ke ɗaka, sau da yawa ma ba a gidan mijinta ba. In aka ce sai uba ko uwa da ƙafarsu, to rabin jariran Malikanchi da Paki da Hunkuyi ba za su ga asibiti ba. Dangi ne ke kai yara rigakafi a ƙasar nan, tun da can.

Fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kansa ma ya bambanta abu biyu. Akwai walicci, wanda yake na uba. Akwai kuma haƙƙin raino, wanda uwa ce kan gaba a cikinsa, in babu ita sai kaka ta wajen uwa, sannan 'yar uwar uwa. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wannan babi. Mai raino kuwa an ɗora mata kula da cin yaro da tsabtarsa da lafiyarsa. Saboda haka kakar da yaro ke kwana a bayanta ba baƙuwa ba ce a sha'anin lafiyarsa. Faɗaɗa hukuncin na bar wa malamai, ni ma'aikacin gwamnati ne ba mufti ba.

Dokar ƙasa ma ta bi wannan hanya. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗora wa iyaye, ko waliyyi, ko wanda yaron ke hannunsa, nauyin tabbatar da cewa yaro ɗan ƙasa da shekara biyu ya samu cikakken rigakafi. Jihar Kaduna ta yi tata dokar kare yara a 2018. A 2019 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a wata shari'a da ta taso daga Legas, inda uwa ta hana a ƙara wa jaririnta jini saboda aƙidarta. Kotun ta ce in ran yaro na cikin haɗari, kotu na iya tsallake ƙin iyaye. Wannan maganar gaggawa ce ba ta rigakafi ba, amma ta nuna cewa ikon iyaye amana ce, ba mallaka ba.

INDA NA TSAYA

Hali uku ne, kuma rigimarmu na zuwa ne daga haɗa su wuri guda.

Na farko, yaro na hannun kaka ko goggo da sanin kowa, ita ke ci da shi ita ke jinyarsa. Wannan ita ce mai riƙo. Ta kai shi, a yi masa. Uban da ya yi shekara bai tambayi abin da yaro ya ci ba, bai kamata ranar allura ce zai tuna shi ne uba ba.

Na biyu, iyaye na nan, sun yarda, aiki ko jego ne ya hana su zuwa, suka aiki ƙanwa ko kishiya. Wannan ɗan aike ne, kuma aike halal ne. Sai dai a ba ta katin yaron, a gaya mata in ya taɓa kumbura ko shiɗewa bayan wata allura, in kuma da hali a bar waya a kunne. Malamar asibiti ita ma ta yi tambaya biyu kafin ta buɗe kwalba: "Baba, ke mece ce ɗinsa? Iyayensa sun san kin kawo shi?" Ta rubuta amsar. Ba ya cin minti ɗaya. Muna da Kwalejin Shehu Idris a Makarfi da ke yaye ma'aikatan lafiya duk shekara, wannan tambaya ta cancanci zama darasi na musamman a can.

Na uku shi ne mai wuya. Uba ya ce bai yarda ba, ƙarara, sai goggo ta faki ido ta kai yaron a ɓoye. Na san da yawa a cikinku, musamman 'yan uwana ma'aikatan lafiya, za ku ce ta yi jihadi. Niyyarta mai kyau ce, ban musa ba. Amma ku duba lissafin. Rigakafi ba zuwa ɗaya ba ne, aƙalla zuwa biyar ne kafin yaro ya cika shekara. In an saci na farko, ramin ƙarya ƙurarre ne: cinya za ta ɗan kumbura, jiki zai yi ɗumi da dare, kati zai fito daga ƙarƙashin katifa. Daga ranar an rufe ƙofa. Sauran huɗun sun tafi, ƙannensa ma ba za su samu ba, uwar kuma ita za ta sha dukan maganar ko da ba ta sani ba. Uban zai zauna a majalisa ya ce "kun gani ko, a ɓoye suke yi, in abin arziki ne me ya sa ake ɓoyewa?" Mutum goma su tashi da wannan. In kuwa aka yi rashin sa'a yaron ya kamu da wani ciwo daban a satin, to har abada allurar ce. Abin da ya faru da ƙasa baki ɗaya daga 1996 zuwa 2004, shi ne ke faruwa a gida ɗaya.

To sai a bar yaron haka? A'a fa. Ƙin uba ba shi ne ƙarshen magana ba, farkonta ne. Akwai wanda yake jin kunya: mahaifinsa, wansa, limamin da yake bi, abokinsa da aka yi wa 'ya'yansa suna nan ƙalau, mai unguwa. Goggon da ke da ƙarfin halin ɗaukar yaro a ɓoye, ta yi amfani da shi ta tara masa waɗannan. A saurari abin da ke damunsa, domin wani ba maganin yake tsoro ba, haushin an raina shi yake ji. In kuwa annoba ce ta shigo, hukuma na da hurumin shiga, amma ta shiga da rana tsaka ta ƙofar gida.

Kuma kar mu ɗauka muna da lokaci. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 bai tsaya a can ba, a 2023 ya taɓa Makarfi da Kubau, kuma mafi yawan waɗanda ya kama ba su da cikakken rigakafi. Ga kuma allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa da aka fara a Oktoban 2023 don 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, wadda sau da yawa a makarantu ake yi. Nan ma tambayar ce za ta dawo da sabuwar riga: hedimasta ne zai amince, ko uba? Duk wanda ya san 2003 ya san cewa allurar 'ya'ya mata ba wurin gajerar hanya ba ne. A kira iyaye taro, a yi bayani, a amsa tambaya komai ɗacinta.

Ga 'yan uwana magidanta kuma, magana ɗaya. Haƙƙinka ne a tambaye ka, tarihi ma ya ba ka gaskiya a kan haka. Amma in an tambaye ka, amsar da za ka bayar ba taka ba ce kai kaɗai. Kai ka riga ka yi ƙyandarka ka warke, ƙafafunka biyu lafiya lau. Wanda zai ɗauki sakamakon yana goye, bai iya magana ba tukuna. Kafin ka tafi cin rani ko ka tura iyali wanka, ka faɗa da bakinka a gaban kaka: "In lokacin allurarsa ya yi a kai shi." Wannan jimla ɗaya ta kashe rigimar tun kafin ta taso.

Wanda ya ga kuskure a tarihin da na kawo ya gyara mini, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Malamai da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu kuma ina so in ji ta bakinku a kan hali na ukun nan.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.